Kwaɗin John Gurdon da Abin da Ƙwayar Hanji Ba Ta Manta Ba

A shekarar 1949 wani malamin ilimin halittu a makarantar Eton da ke Ingila ya rubuta rahoton ƙarshen zango a kan wani ɗalibinsa mai shekara 15, kuma bai rage masa komai ba. Ya ce yaron ba ya sauraro, sai dai ya yi aiki yadda ya ga dama, har akwai jarrabawar da ya ci maki 2 cikin 50. Ya ƙara da cewa ya ji yaron na da burin zama masanin kimiyya, to wannan zancen banza ne, ɓata lokacin yaron ne da na duk wanda zai koyar da shi. Cikin ɗalibai 250 na shekararsu, shi ne na ƙarshe a darasin. Sunansa John Gurdon.

Makarantar ta janye shi daga kimiyya ta mayar da shi karatun Latin da Girkanci. Amma yaron tun yana ƙarami mai son tara ƙwari ne da malam-buɗe-littafi, kuma wannan son bai bar shi ba. Iyayensa suka biya masa kuɗin darasin kimiyya na musamman, ya shiga Jami'ar Oxford ya karanta ilimin dabbobi. Da ya gama ya nemi yin digirin digirgir a kan ƙwari, ba a ɗauke shi ba. Wanda ya karɓe shi a 1956 wani malami ne mai nazarin ɗan tayi, Michail Fischberg, kuma shi ya ɗora masa wata tambaya da ta shafe shekaru kusan 70 tana gagarar manya.

Kowane ɗayanmu daga ƙwayar halitta guda ɗaya ya faro, wato ƙwan uwa da ya haɗu da maniyyin uba. Wannan ƙwaya ta rabu biyu, biyu suka zama huɗu, aka yi ta tafiya har jikin baligi ya tara ƙwayoyi fiye da tiriliyan 30, iri-iri sama da 200. Kuma ba su yi kama da juna ba ko kaɗan. Akwai ƙwayar jijiyar saƙo da tsawonta ya kai mita guda, daga ƙasan gadon baya har zuwa tafin ƙafa. Akwai ƙwayar tsoka mai miƙewa da tsukewa. Akwai ƙwayoyin da suka shimfiɗe cikin hanji suna tsotse abinci, waɗanda ba sa cika mako guda sai an sake wasu. Dalilin wannan rabon aiki a fili yake: ƙwaya ɗaya ba za ta iya cika cikinta da abin ɗaukar iska ba, kuma ta zama doguwar igiyar kai saƙo, kuma ta yi taurin ƙashi. Jiki mai girma ba ya yiwuwa sai kowace ta kama sana'arta ta ƙware. Abin da ya ɗaure wa masana kai shi ne yadda hakan ke faruwa, tunda duk daga uwa ɗaya suka fito.

A tsakiyar kowace ƙwaya akwai cibiya, a cikinta ne bayanan gado suke, waɗanda yau muke kira DNA. A ɗauki cibiyar nan a matsayin rumbun manomi da aka cika da iri kala-kala. Idan ƙwaya ta zama ta hanji, shin ta zubar da sauran irin ne ta riƙe na hanji kaɗai, ko kuwa duk suna nan a rumbun, ta dai liƙe bakinsa ta bar abin da take shukawa a waje? Wani masani Bajamushe, August Weismann, ya tsaya a kan na farko a ƙarshen ƙarni na 19. Ya ce duk lokacin da ƙwaya ta rabu ana raba gadon ne, kowace ta tafi da kasonta. A 1888 Wilhelm Roux ya soke ɗaya daga cikin ƙwayoyi biyu na farko na ƙwan kwaɗo da allura mai zafi, sai ɗayar ta gina rabin ɗan tayi, abin ya yi kama da gaskiyar Weismann. Bayan 'yan shekaru Hans Driesch ya jijjiga ƙwan wata halittar teku mai ƙayoyi har ƙwayoyin farko suka rabu, sai kowace ta ba da cikakken ɗa, ƙarami dai amma ba abin da ya rasa. Magana ta koma ɗanya.

A 1938 Hans Spemann, wanda ya shahara da ɗaure ƙwan dabbobin ruwa da silin gashin jaririyarsa, ya rubuta gwajin da zai raba gardama. A ciro cibiya daga ƙwayar da ta riga ta ƙware, a saka ta cikin ƙwan da aka cire wa tasa cibiyar. In ƙwan ya gina cikakkiyar dabba, to ba abin da ya ɓace. Shi kansa bai ga hanyar yin haka ba. Sai a 1952 wasu Amurkawa biyu a Philadelphia, Robert Briggs da Thomas King, suka iya. Da cibiyar ɗan tayi sabon farawa sun samu talibambam lafiyayye. Amma da suka riƙa ɗauko cibiya daga ɗan tayin da ya ƙara kwana, nasara ta yi ta raguwa har ta kusa ƙarewa. Suka kammala cewa cibiya tana canzawa ne canjin da ba ya komawa. Mutane ne masu tsantseni a aiki, ana ganin girmansu, don haka duniyar kimiyya ta karɓi maganarsu.

A wannan hali ɗalibi Gurdon ya shigo. Sa'arsa ta farko ita ce irin kwaɗon da ya tarar a ɗakin binciken Fischberg, wani kwaɗon ruwa ne na kudancin Afirka mai farata a ƙafar baya, wanda masana ke kira Xenopus laevis. Yadda wannan kwaɗo ya cika ɗakunan bincike na Turai shi ma labari ne. Wajen 1930 aka gano a Cape Town cewa sinadarin jiki na iya sa macen ta saki ƙwai, daga nan aka mayar da ita abin gwajin ciki: a yi mata allurar fitsarin mace, in matar na da juna biyu sai kwaɗon ta zuba ƙwai kafin gari ya waye. Asibitoci suka yi ta shigo da shi har zuwa shekarun 1960. Ga mai nazarin ɗan tayi wannan babbar ni'ima ce, domin kwaɗin Turai da Amurka sau ɗaya suke ƙwai a shekara, shi kuwa wannan duk ranar da aka so za a samu. Yana da ɗan'uwa ƙarami a dazukan Afirka ta Yamma, Xenopus tropicalis, kuma da aka zo karanta bayanan gadon kwaɗo gaba ɗaya a karon farko a 2010, zuriyar da aka yi amfani da ita asalinta daga Najeriya aka ɗebo.

Aikin kansa na mai haƙuri ne da hannu marar rawa. Ƙwan bai wuce milimita ɗaya da ɗan kai ba, kuma yana lulluɓe da wani yauƙi mai tauri da allura ba ta ratsawa. Gurdon ya gano cewa in ya haska masa wani haske mai ƙuna da ake kira UV, yauƙin zai yi laushi, kuma bayanan gadon ƙwan, da ke kwance dab da fatarsa, za su lalace. Jifa ɗaya, tsuntsu biyu. Daga nan sai ya ɗauki siririn bututun gilashi wanda bakinsa bai kai faɗin ƙwayar da yake so ba, ya zuƙe ta a hankali yadda fatarta za ta fashe amma cibiyar ta tsira, sannan ya cusa ta cikin ƙwan. Duk wannan a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ƙwai ɗaya bayan ɗaya.

Akwai wata dabara da ta fi wannan muhimmanci, kuma a ganina ita ce ƙashin bayan aikin. Duk wanda ya ga talibambam ya fito zai iya cewa ai hasken bai kashe cibiyar ƙwan ba, ita ce ta yi aikin. To a ɗakin Fischberg an riga an samu wata zuriyar kwaɗo mai alama: a cikin cibiyar kowace ƙwayarta ɗigo ɗaya ake gani, alhali kwaɗi na yau da kullum biyu gare su. Gurdon sai ya riƙa ɗauko cibiya daga masu ɗigo ɗaya yana sakawa a ƙwan masu ɗigo biyu. Duk ɗan da ya fito, a duba ƙwayoyinsa a ƙirga. In ɗaya ne, ba sauran musu game da inda gadonsa ya fito.

A 1958 ya riga ya samu kwaɗi baligai daga cibiyar ɗan tayi. Amma babban gwajin shi ne wanda ya wallafa a 1962, yana da shekara 29. Ya ɗauko ƙwayoyi daga hanjin talibambam da ya riga ya fara cin abinci, ƙwayoyin da suka gama zama na hanji har da 'yan gasun tsotsar abinci a samansu. Ya dasa cibiya 726. Yawancin ƙwayayen ba su ko motsa ba. Wasu suka fara rabuwa suka tsaya a hanya, wasu suka fito a karkace. Guda 10 suka zama talibambam masu iyo da cin abinci, da ido, da zuciya mai bugawa, da jini, da tsoka, kuma kowace ƙwaya a jikinsu ɗigo ɗaya gare ta.

Goma cikin 726 ba yawa ba ne, amma a irin wannan tambaya ba yawa ake nema ba. Gazawa 716 na iya zama laifin allura, ko rauni, ko rashin dacewar lokaci. Nasara ko guda ɗaya ce ba ta da wata fassara sai ɗaya: cibiyar ƙwayar hanji tana ɗauke da umarnin gina ido da ƙwaƙwalwa, abubuwan da ba ta taɓa amfani da su ba. Ya kuma lura cewa in ya ɗauko cibiya daga ɗan tayin da ya tsaya a hanya ya sake dasa ta a sabon ƙwai, nasarar na ƙaruwa, kamar cibiyar na bukatar ƙarin lokaci kafin ta saki tsohuwar sana'arta.

Ba a yarda da shi nan da nan ba, kuma ba a yi rashin adalci ba. Ɗalibi ne ya zo yana rushe maganar Briggs da King. Wasu suka ce ƙila ƙwayoyin haihuwa ne da ke ratsawa ta hanji a farkon rayuwa suka shiga hannunsa bisa kuskure. Gurdon bai yi cacar baki ba, aiki ya koma. A 1966 ya nuna cewa wasu daga cikin 'ya'yan cibiyar hanji sun girma sun zama kwaɗi har sun haihu. A 1975, tare da abokan aikinsa, ya ɗauko ƙwayoyin fata daga tsakanin yatsun ƙafar kwaɗo baligi, ya tabbatar sun gama zama fata, ya samu talibambam daga cibiyarsu. Abu ɗaya ya gagare shi: bai taɓa samun kwaɗo baligi daga cibiyar kwaɗo baligi ba. Wannan sai a kan tunkiya aka cim masa. Ranar 5 ga Yuli 1996, a Cibiyar Roslin kusa da Edinburgh, aka haifi Dolly daga cibiyar ƙwayar hantsar wata tunkiya mai shekara 6, bayan Ian Wilmut da Keith Campbell da mutanensu sun gwada ƙwai 277. Ta rayu, ta haifi 'ya'ya shida.

To in babu abin da ya ɓace, me ya sa ƙwayar hanji ta zama ta hanji? Amsar da aka tattaro cikin shekaru ita ce, a cikin umarnin gado kusan 20,000 da ɗan Adam ke da su na ƙera furotin, kowace ƙwaya wani kaso take karantawa, sauran a rufe suke. Masu buɗewa da rufewa wasu furotin ne da ke hawa kan DNA su zauna a ƙofar wani umarni. Wasunsu shugabanni ne: a 1987, a ɗakin binciken Harold Weintraub da ke Seattle, an nuna cewa guda ɗaya tak mai suna MyoD ya isa ya juya wata ƙwayar nama ta zama ƙwayar tsoka. Zaren DNA na ƙwaya guda ya kai mita biyu in aka warware shi, don haka a naɗe yake a kan wasu dunƙulen furotin. Inda ba a bukata sai a ƙara matse naɗin, a liƙa masa wasu ƙananan alamomin sinadari. Idan ƙwayar ta rabu, 'ya'yanta suna gadon alamomin tare da zaren. Shi ya sa fata fata take haifa har tsufa, ba a wayi gari hanta ta tsiro a goshi ba.

Ita kuwa shawarar farko, ta wace ƙwaya za ta zama me, wurin zama ne da maƙwabta ke yanke ta. Kayan cikin ƙwai ba a baje suke daidai ba, don haka tun rabuwar farko wasu ƙwayoyi na samun abin da wasu ba su samu ba. Bayan haka ƙwayoyin suna aika wa juna saƙon sinadari, na kusa ya ji da ƙarfi, na nesa ya ji kaɗan, kowa ya bi abin da ya ji. Wadda ta fara nuna wannan ƙarara wata ɗalibar Spemann ce a Freiburg, Hilde Mangold. Ta yanko ɗan guntun nama daga wani ɗan tayi ta dasa a cikin wani, sai guntun ya umarci ƙwayoyin mai masaukin su gina jiki na biyu a manne da na farko. An wallafa aikin a 1924, a shekarar kuma ta rasu sakamakon fashewar murhu a kicin ɗinta, tana da shekara 25. Spemann ya karɓi kyautar Nobel a kan aikin a 1935. Sunanta ya cancanci a riƙa ambatonsa.

Gurdon ya tabbatar cewa akwai wani abu a cikin ƙwai mai goge alamomin nan ya mayar da cibiya farko. Ko za a iya yin haka ba tare da ƙwai ba? A shekarar da ya wallafa aikinsa na hanji, 1962, aka haifi wanda zai kawo amsa, a Osaka ta ƙasar Japan. Shinya Yamanaka likitan tiyatar ƙashi ya fara zama, kuma da bakinsa ya sha faɗa cewa bai iya ba: aikin da wasu ke gamawa cikin minti 20 yakan kai shi awa biyu. Ya bar asibiti ya koma bincike. A lokacin an riga an iya raino ƙwayoyin ɗan tayin mutum masu iya zama kowane irin nama, amma samunsu sai an lalata ɗan tayin, abin da ya tayar da ƙura a ƙasashe da dama. Yamanaka ya ba da labarin ranar da ya leƙa madubi a asibitin haihuwa na wani abokinsa ya ga ɗan tayi, ya tuna 'ya'yansa mata, ya ji lallai a nemo wata hanya.

Ya zaɓo umarnin gado 24 da ya zaci su ke riƙe ƙwayar ɗan tayi a halinta na iya zama komai. Shi da ɗalibinsa Kazutoshi Takahashi suka gwada su ɗaya-ɗaya a kan ƙwayoyin ɓera, ba abin da ya faru. Sai suka zuba duka 24 a lokaci guda, wasu ƙwayoyi suka juya suka koma kamar na ɗan tayi. Daga nan suka riƙa cire ɗaya-ɗaya suna ganin wanne ne in babu shi abin ba ya yiwuwa. Huɗu suka rage: Oct3/4, Sox2, Klf4 da c-Myc. Suka wallafa a 2006 daga Jami'ar Kyoto, a 2007 suka maimaita da fatar mutum. Babu ƙwai, babu ɗan tayi. Hanyar na da hatsarinta, domin c-Myc na da hannu a cutar daji, kuma wasu ɓerayen farko sun yi ƙari, abin da ya sa aka yi ta gyara ta. A 2014, a birnin Kobe, likita Masayo Takahashi ta jagoranci dasa wa wata tsohuwa mai ciwon ido ƙwayoyin bayan ido da aka ƙera daga fatarta.

A Oktoban 2012 aka sanar da raba kyautar Nobel ta fannin likitanci tsakanin Gurdon da Yamanaka, shekara 50 cif bayan talibambam goma. Yamanaka yana gida yana gyaran injin wanki wayar albishir ta same shi.

Ƙa'idar Gurdon na da 'yan togaciya. Wasu fararen ƙwayoyin jini masu yaƙar cuta suna yanka DNA ɗinsu su sake haɗawa da gangan. Jar ƙwayar jinin mutum kuwa tofar da cibiyarta take yi gaba ɗaya don ta samu wurin cika kanta da himoglobin, ta yi kwana kusan 120 tana ɗaukar iska sannan ta mutu. Amma a kan wannan jar ƙwayar ne maganar rufewa da buɗewa ta iso har ƙofar gidajenmu, domin babu ƙasar da ta kai Najeriya yawan haihuwar yara masu amosanin jini, wato sikila.

Iyayen da suka yi jinyar irin waɗannan yara sun san cewa jaririn kan fito lafiya lau, sai ya kai wajen wata shida kumburin hannu da ƙafa da kukan ciwo su fara. Wata likitar yara a New York, Janet Watson, ta lura da haka tun 1948, ta danganta shi da jinin da jariri ke zuwa da shi daga ciki. Ɗan tayi nasa himoglobin ɗin daban ne, kuma ba ya lanƙwasa ƙwaya ta zama lauje. Bayan haihuwa jiki kan rufe umarnin wannan ya buɗe na manya, kuma a na manyan ne aibin sikila yake. Umarnin na jarirai bai tafi ko'ina ba. Yana nan lafiyayye a ɓargon mai sikila ko shekararsa 40, wani furotin mai suna BCL11A ne ya danne shi. A ƙarshen 2023 Birtaniya da Amurka suka amince da maganin Casgevy: a ɗebo uwayen ƙwayoyin jini daga jikin marar lafiya, a raunana wannan mai dannewa, a mayar masa da su, jikinsa ya koma ƙera jinin jarirai. Kuɗin da aka yanka masa a Amurka a 2023 dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya, ga doguwar jinya a asibiti na musamman, abin da ya sa har yanzu ya yi wa masu bukatarsa na gaskiya nisa. Akwai kuma tsohon magani na haɗiya mai sauƙin kuɗi, Hydroxyurea, wanda shi ma yake ɗaga himoglobin ɗin jarirai, ko da bai kai wancan ba. An gwada shi a kan yara masu sikila a Kano, har da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, aka ga yana taimakawa wajen kare su daga shanyewar ɓarin jiki, kuma har yau yara da yawa da ya kamata su riƙa shan sa kullum ba sa samun sa.